Tsofaffin gine-ginenmu a bakin Baharul Azrak

 Yau maganarmu kan tsofaffin gine-gine ne.

A Ingila, ko ƙaramin ƙauye ne, akwai rajistar gine-ginen tarihi: coci, tsohon gidan gona, har rumbu. Da zarar gini ya shiga rajista, mai shi ma ba ya rushe shi ko ya sauya masa fasali sai da izinin hukuma. To mu fa?

Ku dubi Mai Wurno, kudu da Sinnar. Garin ya samo sunansa daga Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Bayan Turawa sun kashe Attahiru a yaƙin Burmi a 1903, ɗansa ya ci gaba da hijira gabas da sauran jama'a, har suka sauka a bakin wannan kogi. Da aka kammala madatsar Sinnar a 1925, noman auduga na Jazira ya ƙara jawo Hausawa, ƙauyuka suka yawaita. Masallatan farko, zauruka da makabartun waɗannan garuruwa su ne shaidar zuwanmu. Kusa da mu kuma ga kufan tsohuwar Sinnar, babban birnin sarakunan Funj daga 1504 zuwa 1821, ga kubbobin shehunnai a Abu Haraz, kusa da Wad Madani.

Ginin ƙasa ba ya jure sakaci. In damina biyu ta wuce ba yaɓe, katanga sai ta fara zubewa. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya kori mutane da yawa daga gidajensu, gidan da babu kowa kuwa ruwa da ɓarayi ne ke gadonsa.

Malam makiyayi, kar ka mayar da kufan masallaci garke, shanu suna goga jiki har katanga ta faɗi. Kashin shanunka ma da shi ake haɗa zibala, yaɓen da ke kare bango, ka kawo a yi aiki. Alhaji ɗan kasuwa, in an kawo maka tsohuwar ƙofa ko littafin hannu, tambayi inda aka ciro su kafin ka saya. Matasa kuma ku ɗauki hoto a waya, ku zauna da dattawa ku rubuta wanda ya gina da shekarar da aka yi. Rajistarmu ke nan, kafin ta hukuma ta iso.

Allah ya ba mu zaman lafiya. Sai mako mai zuwa.