Mu Yi Lissafi Kafin Mu Yi Sallama da Tuwo



A zangon nan mun lura wasunmu sun ƙaurace wa tuwo da shinkafa da sunan tsarin abinci na keto, har wata malama jiri ya kwashe ta a gaban ɗalibai. Mu da muke koyar da lissafi bai kamata mu rage abinci da ka ba.

Tun a 1921 likitoci a Amurka suka fara amfani da tsarin don magance farfaɗiya. Nau'insa na zagaye shi ne kwana biyar ko shida ana taƙaita sitaci da sukari ƙasa da giram 50 a yini, sannan kwana ɗaya ko biyu a koma wa hatsi.

Ga ƙa'idar Mifflin-St Jeor ta 1990: a ninka nauyi da kilo sau 10, a tara da tsawo da santimita sau 6.25, a debe shekaru sau 5. Namiji ya ƙara 5, mace ta debe 161. Malama mai shekara 45, kilo 70, santimita 160, za ta samu 1,314. Wannan shi ne abin da jiki ke ƙonawa ko da kwance aka wuni. Mai tsayuwa gaban allo da ɗan tattaki ya ninka sau 1.375, wato kimanin kalori 1,800.

Giram ɗaya na sitaci ko furotin kalori 4 ne, na maiƙo 9. In sitaci ya ɗauki 200, furotin giram 100 ya ɗauki 400, saura 1,200 daga maiƙo za su fito, kusan giram 133 na man gyaɗa, man shanu da kitsen da ke cikin ƙwai, kifi da nama. Wanda ya bar tuwo bai cike wannan gurbi ba, yunwa kawai ya ɗora wa kansa. A ranakun hatsi kuwa a rage maiƙo, kada jimla ta haura.

Mai ciwon sukari, mai ciwon ƙoda, mai juna biyu da mai shayarwa kada su fara sai da izinin likita. Sauranmu kuma mu auna albashi da farashin ƙwai da kifi tukuna, domin ɗalibanmu na buƙatar malamin da zai iya tsayuwa har a tashi.