Rage Ƙiba: Ba a Zubarwa Gizo Ke Saƙar Ba



Tambayar da aka fi yi wa masanin abinci ita ce: tuwo da shinkafa zan bari, ko mai da kitse? A ganina an bar jaki ana dukan taiki. Binciken shekara tamanin ya nuna zubar da ƙiba bai kai hana ta dawowa wuya ba, kuma can ya kamata koyarwarmu ta ilimin abinci ta karkata.

Mu ba tambayar haƙƙinta tukuna. A 2018 Christopher Gardner da abokan aikinsa na Jami'ar Stanford a Amurka suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi da mutum 609. An raba su gida biyu, waɗansu suka rage maiƙo, waɗansu suka rage sitaci da suga, har shekara guda. Gidan farko ya zubar da kilo 5.3 a matsakaici, na biyu kilo 6, tazarar da ba ta kai a kira ta bambanci ba. Abin lura yana cikin kowane gida: wani ya zubar da kusan kilo 30, wani kuwa ƙaruwar kilo 10 ya yi, alhali darasi ɗaya aka koya musu. Ashe sunan tsarin ba shi ne ya raba su ba.

Me ya sa abin da aka zubar yake dawowa? A 1944 Ancel Keys na Jami'ar Minnesota ya ɗebi maza 36 lafiyayyu, daga baya ya rage musu abinci kusan rabi na wata shida, har kowanne ya rasa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa. Ƙarfin da jikinsu ke ƙonawa a kwance ya faɗi da kusan kashi 40 cikin ɗari. Sanyi ya dame su ko da zafi ake yi, suna lashe faranti, waɗansu suka koma tara littattafan girki suna kallon hotuna. Da aka sake musu mara, suka yi ta ci, kitsen da yawansu ya zarce na farko. Shekara saba'in bayan haka Kevin Hall ya bi sawun mutum 14 da suka zubar da ƙiba mai yawa a wata gasar talabijin ta Amurka. Bayan shekara shida galibinsu sun mayar da mafi yawanta, jikinsu kuma yana ƙona kalori kimanin 500 a rana ƙasa da yadda ya kamaci mai girmansu. Tun 1994, da Jeffrey Friedman ya gano sinadarin leftin, muka san hanya ɗaya da wannan ke faruwa: kitse da kansa yana aika saƙo ga ƙwaƙwalwa, idan ya ragu saƙon ya yi rauni, yunwa ta ƙaru. Jiki bai san ado ake nema ba, shi dai fari ya gani.

Wani zai ce, to ai na kashe wa mutane gwiwa. Ko kaɗan. Gwajin rigakafin ciwon suga da aka buga a Amurka a 2002, mai mutum sama da 3,000, bai nemi kowa ya koma siriri ba. Kashi 7 cikin ɗari na nauyi aka nema, da tafiya da sauri ta minti 150 a mako. Mai kilo 90 ke nan ya zubar da shida da 'yan kai. Kamuwa da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin ɗari, alhali maganin metfomin kashi 31 ya rage. Sai dai a lura, ba takarda aka miƙa musu aka sallame su ba, an yi ta bibiyarsu shekaru. Hatta allurar semagulutayid, wadda a gwajin 2021 ta zubar da kusan kashi 15 cikin ɗari, waɗanda suka daina ta sun mayar da kashi biyu cikin uku a shekara ɗaya. Ciwon da ke dawowa da zarar an daina magani, ajin hawan jini yake.

Suka ta biyu ta fi nauyi: galibin wannan a ƙasashen Turawa aka auna, mu kuwa tamowa ba ta bar mu ba. Gaskiya ne, kuma a wurinmu har yanzu tumbi shaidar wadata ce, maganin ƙara ƙiba da shayin rage teɓa suna shago ɗaya. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na da ƙibar da ta wuce kima, kuma biranen Afirka ba su tsira ba. Shaidar ma tana gidanmu: nazarce-nazarcen azumin Ramadan sun nuna ɗan nauyin da ake zubarwa yakan dawo 'yan makonni bayan salla. Inda sukar ta ci shi ne awo. Ɗalibin da ya haddace kalorin yankan burodi, amma bai iya kimanta malmalar tuwo, ko ludayin man ja a miya, ko sugan da ake zubawa a fura ba, bai shirya zama da majinyacinmu ba. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da jadawalin sinadaran abincin Afirka ta Yamma a 2012, an kuma sabunta shi. Daga nan za a fara, a kai ɗalibai kicin da sikeli su auna malmala, a kuma tsara asibitocin koyarwa yadda wanda ya zubar da kilo shida a watan Janairu zai dawo a duba shi a Disamba.