Gwajin Karɓar Aiki a Manhaja Marar Uwar Garke

Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Mai riga ba ya biyan tela don ya ga wuya ya yi kyau, hannu kuma ya yi kyau, sai ya sa rigar ya ga ta zauna masa. Haka abin yake ga manhajar kwamfuta. Akwai gwajin da maƙerin manhaja yakan yi wa kowane yanki shi kaɗai, akwai kuma gwajin karɓa, watau wanda ake yi wa aikin ɗungurungum domin a tabbatar ya biya bukatar mai shi.

A da, kamfani yakan ajiye babbar kwamfuta tasa, wadda ake kira uwar garke, ya ɗora manhajarsa a kanta. A shekarar 2014 kamfanin Amazon ya fito da tsarin Lambda, Microsoft kuma ya biyo baya da Azure Functions a 2016. A wannan tsari uwar garken tana nan, amma a hannun mai haya take. Maƙeri yakan rubuta ƙananan ayyuka ne kurum, kowanne yana barci har wani abu ya tashe shi, alal misali shigowar saƙo ko ajiye hoto. Ya gama, ya koma barci, a biya kuɗin lokacin da ya yi aiki.

To, a nan gizo ke saƙa. Ƙaramin aiki ba kasafai yakan ɓaci a cikinsa ba. Ɓarna takan ɓuya ne a mahaɗa, tsakanin wannan aiki da wancan, ko tsakaninsa da rumbun bayanai. Darasin ya girmi wannan tsari. A watan Satumba na 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbonta Mars Climate Orbiter, saboda wata manhaja tana ba da lissafi da ma'aunin fam, wadda ke karɓa kuwa tana ɗaukarsa a ma'aunin mita. Kowacce ta yi abin da ta sani, haɗuwarsu ce ta kawo halaka.

Mahaɗan nan suna da yawa a Lambda. Aiki ba ya taɓa rumbu sai an rubuta masa izini, in an manta, sai ya tsaya cik. Yana da wa'adi, daƙiƙa 3 in ba a canja ba, iyakarsa kuwa minti 15. Har wa yau, aikin da aka tura masa saƙo ba tare da jiran amsa ba, in ya faɗi, tsarin yakan sake tashinsa har sau 2, don haka mai saye yana iya biyan kuɗin kaya ɗaya sau biyu. Duk waɗannan ba sa bayyana a kwamfutar maƙeri, gama izinin da wa'adin suna can wurin mai haya.

Saboda haka gwajin karɓa yana da sharuɗɗa. Na farko, a gina kwafin manhajar a wurin mai hayar kansa, a yi gwaji, sa'an nan a rushe. Na biyu, a shiga ta ƙofar da mai saye zai bi: a tura oda, a duba ko rasit ya fito. Na uku, gwajin ya iya haƙuri, ya riƙa leƙawa har sakamako ya iso ko wa'adi ya cika. Na huɗu, a tura saƙo ɗaya sau biyu da gangan, a ga ko za a ci kuɗi sau biyu.

Sharaɗin da ya ɗaure sauran shi ne na'ura ta riƙa yin gwajin da kanta duk lokacin da aka taɓa manhajar, ta kuma hana sakinta in ya faɗi. Ɗan Adam yakan gaji, yakan yi gaggawa ranar da aiki ya matsa, kuma ranar ce kuskure ya fi samun ƙofa. Kuɗin da gwaji ke ci kaɗan ne in an gwada shi da amanar mai saye, wadda in ta zube ba ta kwasuwa duka.