Gayyar Zamani: Manhajar Kyauta, Waƙar Ɗalibai da Amanar Malami

 

Mu malaman darasin al'adu da fasahar ƙirƙira mun daɗe muna kuka da rashin kayan aiki, kuma kukan yana kan hanya. Manhajar karatu ta ce mu koyar da zane da waƙa da wasan kwaikwayo, alhali abin da ke hannun yawancinmu bai wuce alli da allo ba. Sai dai a 'yan shekarun nan al'amarin ya ɗan sauya. Kusan kowane malami yana da waya mai ɗaukar murya, wasu makarantun kuma suna da kwamfuta ɗaya ko biyu, ko da tsofaffi ne. Tambayar da muka kawo gabanku ita ce: me za mu saka a cikin waɗannan na'urori, kuma wane hali ɗalibanmu za su koya daga yadda muka samo shi?

Mun san yadda aka saba. A kai kwamfuta kasuwa, a biya 'yan kuɗi kaɗan, a loda mata manhajar da aka fasa makullinta. Ba mu zo don mu zargi kowa ba, domin manyan manhajoji irin su Photoshop tun 2013 suka koma haya ta wata-wata, albashin malami kuwa kowa ya san iyakarsa. Amma manhajar sata tana zuwa da illa biyu. Ta farko, sau da yawa tana ɗauke da cutar kwamfuta, ta lalata sakamakon jarrabawa da sauran takardun makaranta. Ta biyu ta fi muni: yaron da muka hana satar amsa da safe, da rana yana kallon malaminsa yana aiki da kayan sata. Darasin da ido ya gani ya fi wanda kunne ya ji zama a zuciya.

Alhamdu lillahi, akwai halastacciyar hanya. Akwai manhajojin da masu su suka sake su kyauta, suka yarda kowa ya kwafa, ya raba, har ya gyara. Audacity, wadda ta fito a 2000 daga Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, tana ɗaukar murya, ta yanka, ta haɗa muryoyi da yawa a jere. GIMP ta gyaran hoto ce, Inkscape ta zanen fosta da tambari, Krita ta zane kamar da buroshi, Kdenlive da Shotcut kuma na haɗa bidiyo. Duk waɗannan, da zarar an sauke su sau ɗaya, suna aiki ba tare da intanet ba, kuma halas ne a ɗora su a filashi a zaga da su makaranta-makaranta. Don rubutun fosta akwai haruffan Andika, na kyauta, masu ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, don kada mu ci gaba da rubuta Hausa da guntun haruffa.

Wani zai ce ai araha ba ta ado. To, ga labarin Blender, manhajar zanen katun mai motsi. Kamfanin da ya yi ta a ƙasar Holan ya durƙushe, sai a 2002 masu amfani da ita suka yi karo-karo, suka tara Yuro 100,000 cikin makonni bakwai, suka fanshe ta, aka sake ta ga duniya kyauta. A 2025 wani fim ɗin katun daga ƙasar Latbiya mai suna Flow, wanda da ita aka yi shi, ya ci kyautar Oscar. Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. Gayya ce: kowa ya fito da fartanyarsa, a nome gonar da mutum ɗaya ba zai iya ba.

Da wannan tunani na gayya muke ba da shawarar aikin haɗin gwiwa tsakanin makarantun reshenmu. Ga yadda zai kasance. Makaranta ta farko ta ɗauki kiɗan jagora, ko kalangu ne, ko shantu, ko tafi kawai, na minti uku. A mayar da shi MP3, wanda minti ɗaya nasa bai cika wuce megabait ɗaya ba, don haka turawa ta WhatsApp ko Xender ba za ta cinye data ba. Makaranta ta biyu ta sa wa mai bayar da waƙa abin saurare a kunne, ta rera tana bin kiɗan. Ta uku ta ɗauki amshi. Sai malami ɗaya ya jera sassan a Audacity, kowanne a layinsa, ya daidaita ƙarfinsu. A riƙa barin daƙiƙa biyar na shiru a farkon kowane ɗauka, domin da wannan shirun ne manhajar take gane hayaniyar ɗaki ta rage ta. Masu zane su yi bangon aikin, masu Hausa su tace rubutun baitoci. Inda iyaye ba su sakin jiki da kayan kiɗa, a girmama ra'ayinsu: rubutacciyar waƙa da murya zalla, ko tatsuniya mai muryoyi da yawa, ta isa aikin.

Yanzu ga wurin da aka fi yin tuntuɓe, wato ɗora waƙar wani a kan aikinmu. Samun waƙa a waya ba ya mayar da ita tamu. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris na 2023, ta kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya Jos kuma a 2015. Ke nan waƙoƙinsu suna da magada masu haƙƙi a kansu har yau. Dokar ta yi sassauci ga koyarwa, amma saurarar waƙa a aji don nazari daban take da liƙa ta a bidiyon makaranta a watsa wa duniya.

Mafita ita ce lasisin Creative Commons, wanda aka fara fitarwa a Disamba 2002. Da shi mai aiki yake faɗa tun farko abin da ya yafe da abin da ya riƙe. Alamomi huɗu ne ya kamata kowane malami ya haddace. BY: yi amfani, amma ka ambaci mai shi. SA: abin da ka gina a kansa, ka sake shi da irin wannan sharaɗi. NC: ban da kasuwanci. ND: ban da sauyawa, kuma ɗora kiɗa a ƙarƙashin bidiyo sauyawa ne, saboda haka mai wannan alama bai dace da fim ɗinmu ba. Ana samun sautuka masu irin wannan izini a Freesound da Wikimedia Commons. Mu koya wa yara rubuta sunan mai aiki da lasisinsa a ƙarshen kowane shiri, kamar yadda malamanmu na zaure ba sa kawo magana sai sun faɗi littafin da ta fito.

Amma kada mu zama masu karɓa kawai. Wanda ya nemi sautin kotso ko gurmi ko algaita a waɗannan rumbuna zai tarar da ƙaranci ƙwarai. Waƙoƙin gaɗa da na daka da na tashe kuwa suna bin tsofaffi zuwa kabari, domin dandali ya yi shiru a garuruwa da yawa. Yarinyar da ta zauna gaban kakarta da waya, ta ɗauki waƙar da ake yi mata tana goye, ta yi aikin adana tarihi tun tana aji biyu na ƙaramar sakandare.

Nan ma akwai amana. Lasisin Creative Commons ba a janye shi bayan an bayar, don haka dole a fahimtar da tsohuwa ko makaɗi, da harshen da zai gane, cewa muryarsa za ta je inda ba za a iya dawo da ita ba. In ya ƙi, a bar aikin a ɗakin karatu na makaranta. Makaɗin da sana'arsa ce abincinsa, a biya shi haƙƙinsa, a rubuta sunansa. Muryar ɗalibi ko hotonsa kuwa ba za su fita intanet ba sai da rubutaccen izinin iyaye, musamman 'yan mata.

A ƙarshe, muna roƙon reshe abu uku. A tanadi filashi mai ɗauke da waɗannan manhajoji a ofishin reshe, don kowa ya kwafa. A ware yini ɗaya a hutu mai zuwa, waɗanda suka iya su koya wa waɗanda ba su iya ba. A kuma tsara takardar izini guda da Hausa, wadda dukan makarantunmu za su yi aiki da ita. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma babu ɗaya daga cikin ukun nan da ke jiran kasafin kuɗin gwamnati.

Allah ya sanya albarka a aikinmu, ya shiryar mana da zuri'a, ya ba mu ikon riƙe amanar da iyaye suka damƙa mana.