Saukar Farashin Ɗanyen Mai A 2025: Halin Da Neja Delta Ke Ciki, Da Abin Da Ya Shafe Mu

Jawabin yau ya ɗan yi tsawo, wadda ke kan aiki ta bari sai ta sauke tukunya ta karanta a natse.

Maganar ɗanyen mai ce, da yankin da ake haƙo shi, wato Neja Delta. Na san wata za ta ce ina ruwan biri da gada, mu da muke Arewa. To ku biyo ni a hankali.

Kasafin kuɗin ƙasa na 2025 an gina shi ne a kan lissafin za a sayar da kowace ganga dala 75, a kuma haƙo ganga miliyan biyu da dubu sittin kullum. Daga watan Afrilun 2025 farashi ya zame, yawancin sauran shekarar ya yi ta yawo tsakanin dala 60 da 70, abin da aka haƙo kuma bai kai miliyan biyun ba. Kamar matar da ta ɗauko kayan ɗakin 'yarta bashi da lissafin kwasar adashi, ranar kwasa aka ce mata mutum uku ba su zuba ba.

Kuma kada a ɗauka abin na wata ɗaya ne ko biyu. Farashin mai yana hawa yana sauka, yaƙi ya ɓarke a wani wuri ya tashi, a yi sulhu ya faɗo. Amma akwai abubuwan da ba za su koma baya ba. Amurka da a da take sayen kusan ganga miliyan ɗaya a wajenmu kullum, yanzu ita ce ta fi kowa haƙo mai a duniya, sama da ganga miliyan 13 a rana. A Chaina, kusan rabin sababbin motocin da aka sayar a 2024 masu amfani da lantarki ne. Masu sayarwa na ƙaruwa, manyan masu saye na neman hanyar rage sha. Ku da kuke sana'a kun san yadda kasuwa ke zama idan layinku ya cika da masu tuyar ƙosai.

Ga yadda kuɗin ke tafiya. Idan aka sayar da mai, rabon gwamnati yana shiga asusun tarayya. Kafin a raba, tsarin mulkin 1999 ya ce a cire aƙalla kashi 13 cikin ɗari a ba jihohin da aka haƙo man a ƙasarsu. Manyansu huɗu ne: Delta, Akwa Ibom, Ribas da Bayelsa. Ragowar ake rabawa tsakanin tarayya da jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774, kuma daga nan albashin malamin firamare na garinku yake fitowa. Saboda haka in farashi ya faɗi kowa zai ji a jikinsa, sai dai su can duka biyu suke sha: rabon gama-gari ya ragu, kashi 13 ɗin ma ya ragu.

Mun taɓa gani ai. A tsakiyar 2014 ganga ta haura dala 110. Zuwa Janairun 2016 ta faɗo ƙasa da dala 30. Jihohi da dama suka kasa biyan albashi, sai da gwamnatin tarayya ta ba su bashin ceto a 2015. Bayelsa, jihar da aka fara samun mai a cikinta, mai ƙananan hukumomi takwas kacal, ma'aikatanta sun yi watanni ba albashi a 2016. A shekarar ce kuma tsageru suka koma fasa bututu, haƙo mai ya ragu sosai, tattalin arzikin ƙasa ya karye. A 2020 lokacin korona aka maimaita, har sai da aka sake kasafin kuɗi daga dala 57 zuwa dala 28.

Wata za ta ce, to Hajiya ai saukar farashi alheri ce, fetur zai yi sauƙi. Gaskiya ne, tunda aka cire tallafi a Mayun 2023 kuɗin lita yana bin farashin ɗanyen mai, kuma a 2025 an ɗan ga sauƙi. Sai dai mafi yawan dalar da ƙasar nan ke samu daga mai da iskar gas take zuwa. Dala ta yi ƙaranci, naira ta raunana, magani da alkama da kayan gyaran inji su tashi. Abin da aka ba ki a gidan mai sai a karɓe shi a kemis. Akwai kuma abin da ke rufe ido yanzu: tun bayan cire tallafi da faɗuwar darajar naira, kuɗin da gwamnoni ke karɓa duk wata ya ƙaru ƙwarai a lissafin naira. Yawan takarda ne ya ƙaru, buhun siminti nawa yake saya shi ne abin tambaya.

Yanzu bari in zo inda zancen ya fi damuna.

Jiha in kuɗin mai ya ragu, sai a ce mata ta koma noma, ta koma kamun kifi, ta koma kasuwanci. Mu a nan in aka faɗa mana haka, duk da matsalar tsaro da tsadar taki, ƙasar dai tana nan, fadamar tana nan. A wurare da yawa na Neja Delta abin da za a koma wa ɗin shi aka lalata wajen ɗebo man.

A 1956 aka samu mai a Oloibiri, a 1958 aka fara fitar da shi waje. Kafin 1980 an daina haƙo mai a wurin, kamfani ya tattara ya yi gaba, garin ya zauna da talaucinsa. Ku tuna kuma tun kafin fetur yankin nan yana da arzikinsa. Turawa sun sa masa sunan kogunan mai ne saboda manja, yadda Kano ta shahara da dalar gyaɗa. A farkon shekarun 1960 Najeriya na sahun gaba a duniya wajen manja. Yau Indonesiya da Malesiya ke riƙe da kasuwar, mu har shigo da shi muke yi.

A 2011 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto kan ƙasar Ogoni a jihar Ribas. A wani gari mai suna Nisisioken Ogale, ta samu mutane na shan ruwan rijiya mai ɗauke da sinadarin benzin, wanda ke jawo ciwon daji, ninki 900 na abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. Rahoton ya ce gyaran ƙasar zai ci shekara 25 zuwa 30. Wannan fa a wurin da Shell ya daina haƙo mai tun 1993. Ku yi lissafi, jaririyar da aka haifa a shekarar rahoton, sai ta yi aure ta haihu kafin rafin garinsu ya koma daidai, in ma an yi aikin yadda ya kamata.

Su wa abin ya fi cuta? Mata ne, wallahi. A can mace ce ke noman rogo, ita ke tuyar gari, ita ke shiga kurmin bakin ruwa tsintar dodon-koɗi da jatan lande, ita ke busar da kifi ta kai kasuwa. Namiji in ruwa ya lalace yana iya tafiya Fatakwal ko Legas neman aikin ƙarfi. Ita tana nan da yara biyar, da kwale-kwalen da ba shi da amfani. A garin Bodo bututu ya fashe a 2008, mai ya malale ya kashe kurmin da dubban masunta ke ci a cikinsa. Sai a 2015, bayan shari'a a Ingila, kamfanin ya yarda ya biya fam miliyan 55. Shekara bakwai mutum na jira, da me ya ciyar da gidansa? A wasu garuruwan har yau mata na shanya garin rogo a gefen wutar iskar gas da ake ƙonawa dare da rana, don zafinta na busar da shi da wuri. Shi za a ci, shi za a sayar.

Kuma matan can ba su zauna sun naɗe hannu ba. A watan Yulin 2002 ɗaruruwan mata suka mamaye tashar man Chevron da ke Escravos a jihar Delta, ba bindiga ba adda, suka tsayar da aiki kusan kwana goma. Abin da suka nema aikin yi ne ga 'ya'yansu, da makaranta, da asibiti, da ruwa, da lantarki. Irin abin da ni da ku muke nema duk lokacin da ɗan takara ya zo gaisuwa.

Sabon abin da ya kamata ku sani shi ne manyan kamfanonin Turawa na barin tudu suna komawa cikin teku. Agip ya sayar wa Oando rijiyoyinsa na tudu a 2024, Shell ya kammala sayar da nasa ga wani rukuni mai suna Renaissance a Maris ɗin 2025. Ta wani ɓangaren abin farin ciki ne, 'yan ƙasa sun karɓi ragama. Amma sun gaji tsofaffin bututu da ƙasa mai dauɗa a daidai lokacin da farashi ke sauka. Ni a ganina nan haɗarin yake. Mai ƙaramin jari in riba ta ragu, gyara da shara ne abin da yake fara jinginewa.

In kuna son ganin jihar da mai ya ƙare mata rana tsaka, ku dubi Kuros Riba. Kotun Duniya ta ba Kamaru yankin Bakassi a 2002, sannan a 2012 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Akwa Ibom rijiyoyi 76 da ake taƙaddama a kansu. Shi ke nan, jihar ta fita daga cikin masu karɓar kashi 13. Ta riga ta zuba maƙudan kuɗi a katafariyar kasuwar Tinapa da ke Kalaba, wadda ba ta taɓa cika yadda aka yi mafarki ba, bashi ya zauna mata a wuya. Abin da ya ci gaba da riƙe talakanta shi ne kokon Ikom, da manja, da rogo, da shinkafa. Ita ta yi sa'a, dazukanta da gonakinta ba su sha malalar mai irin ta Ogoni ba.

Ba wai yankin ba shi da mafita ba ne. Yana da iskar gas mai yawa, ga kamfanin da ke sarrafa ta a Bonny, ga masana'antar taki ta Indorama a Eleme, wadda ke mayar da gas takin yuriya, irin wanda mazajenmu ke zuba wa masara. Ga tashar jiragen ruwa ta Onne, ga manyan gonakin kwakwar manja a Edo. Sai dai masana'antar gas tana cin biliyoyi ta ɗauki mutum kaɗan. Aikin da zai ɗauki miliyoyin matasa da mata yana cikin gona da ruwa da kasuwa, su kuwa sai an wanke su tukuna.

Mu kuma cinikinmu da su ba ƙarami ba ne. Shanu, albasa, tumatir, wake da tattasai kullum tireloli na sauka da su Fatakwal da Warri da Yenagoa, su hau da manja da gari. Ma'aikacin Bayelsa in bai ga albashi ba, matarsa za ta rage nama da albasa, mai fataucin albasa daga Aliero ya dawo da asara, matarsa a gida ta ji. 'Yan uwanmu nawa ke zaune a can shekara da shekaru suna neman na kansu?

Sannan ga Kolmani. A watan Nuwamban 2022 marigayi Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin haƙo mai a iyakar Bauchi da Gombe, aka yi murna ko'ina. Har yanzu man bai shiga kasuwa ba, kuma in farashi ya yi ƙasa, masu kuɗi ba sa ɗokin zuba jari a sabuwar rijiya mai nisa da teku. Allah Ya sa ya tabbata, ni ma ina so. Amma yankin Alkaleri ƙasar noma ce da kiwo, mutane rijiya da rafi suke sha. Dokar man fetur ta 2021 ta ce kamfani ya riƙa ware kashi 3 cikin ɗari na kuɗin gudanar da aikinsa ga garuruwan da yake aiki a cikinsu, a ƙarƙashin kwamitin amintattu. To mata nawa za a sa a kwamitin? An auna ruwan rijiyoyin garuruwan tun yanzu, don gobe in ya gurɓace a samu hujja? Wanda aka karɓi gonarsa, diyyar shekara ɗaya za a ba shi ko ta rayuwa? Shugabannin mata na Bauchi da Gombe, wannan naku ne musamman, ku fara tambaya tun injin bai yi nisa ba.

Sauranmu kuma, lokacin kasafin kuɗin jihohi na tafe. In ɗan majalisar jiha ya zo taron mazaɓa, bayan gaisuwa da rabon atamfa, a samu guda ɗaya ta miƙe cikin ladabi ta tambaye shi: ranka ya daɗe, a cikin kowace naira ɗari da jiharmu ke kashewa, nawa muke tarawa da kanmu, nawa ke zuwa daga Abuja? In na Abuja ya ragu da kashi ɗaya cikin uku, me za a fara yankewa, maganin masu ciki ko sababbin motoci? Ku rubuta amsar da ya bayar da ranar da ya faɗe ta, ku miƙa wa shugabar mata ta ƙaramar hukumarku, za mu tattara su kafin zamanmu na gaba.