Idan Jijiyar Ido Ce Ta Taɓu

Jama'a masu sauraro a Talata Mafara, Bakura da Maradun, ba kowace dusashewar gani ba ce yanar ido. Yanar ido ana cire ta, gani ya dawo. Amma jijiyar da ke kai gani ƙwaƙwalwa, in hawan jinin ido ko ƙari ya cinye ta, ba ta farfaɗowa.

Wanda ya wayi gari yana ganin abu bibbiyu, ko fatar idonsa ta saki, kada ya tsaya ɗiga maganin kemis. Ya karɓi takardar turawa daga babban asibiti ya nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, inda likitocin ido da na ƙwaƙwalwa suke wuri guda. In ta kama, har Cibiyar Ido ta Ƙasa, Kaduna. Kuɗin mota da hoton ƙwaƙwalwa akwai nauyi, gaskiya, shi ya sa dangi su haɗa hannu da wuri.