Gida bisa gangare: ina ɗaki, ina turke?

Jawabin da wani ma'aikacin kiwo ya yi ga makiyaya da manoma a Sabon Gari, Maradi

  

Yau ba zancen allura ya kawo ni ba, zancen gini ne. Wani zai ce, mi ya gama likitan dabbobi da magina? To, ciwon da nike gani ga bisashe cikin damina, da yawansa ba daga daji ya zo ba, daga tsarin gida ya hito.

Kun san labarin garinmu. Maradi ta da, cikin fadamar gulbi take. A 1945 ruwa ya ci ta, sai anka tayar da gari anka maido shi bisa tudu. Amma tudu shina da gangare, kuma gari ya cika, hilayen da ake samu yanzu da yawa ba shimfiɗaɗɗu ba ne. Kun ga abin da ruwan ƙarshen watan Agusta na 2024 ya yi nan cikin gari: gidaje sun faɗi, an rasa rayuka. Allah shi jiƙan waɗanda sunka rasu.

Saboda haka, in ka samu hili mai gangare, kada ka aza tubali sai ka ga ruwa guda ya sauka bisansa. Ka je ka tsaya, ko da za ka jiƙe. Ka dubi inda ruwa ke shigowa da inda yake hita, ka kafa turaku. In ba ka iya jiran damina, dubi inda rairayi ya kwanta da inda shara ta taru, kuma ka tambayi maƙwabcin da ya riga ka zama. Wannan hanya ta ruwa ce, ka bar masa abinsa, ka gyara ta ta zama kwata.

Kada ku rena ruwan rufin ɗaki ma. Ɗakin kwano mai metir 4 bisa 5, in an yi ruwan milimetir 50, shina zubo litir 1000, wato tano biyar. In ɗaki huɗu gare ka, tano ashirin ke nan cikin tsakar gida dare guda. Ina za su?

To ga tsari. Ɗakunan kwana can sama, da rumbun hatsi, da wurin ajiyar harawa da dussa. Harawa bisa rumfa ko bisa itace, kada ta taɓa ƙasa. In ta yi hunhuna dabba ta ci, sai zawo. Rijiya, ga mai ita, ita ma sama, kuma tsakaninta da salga ko garke kada shi kasa metir 15. In hili ya ba ka 30, ya hi. Garke ƙasa da ɗakuna, don fitsari da kashin dabbobi kada su bi ta ƙofar ɗakin uwargida inda yara ke rarrafe.

Amma a nan ne mutane ke kuskure, ku saurara da kyau. Don an ce garke ƙasa da ɗaki, ba a ce can ƙurya inda ruwa ke kwana ba. Mai gida yakan ce, ai lungun nan ba shi da amfani, a ɗaure awaki nan. Jar akuyarmu ta Maradi ba ta son laima ko kaɗan. In ta kwana cikin taɓo, tsakanin ƙofato ya yi taushi, ya ruɓe, ya yi wari, ta soma ɗingishi, ta bar ci, nono ya ragu. Tsutsar ciki ma cikin kashi mai danshi take haɓaka, ƴan awaki su ne farkon kamuwa. Wata damina an kira ni wani gida, na iske ragon layya balami, wata huɗu mata tana turka shi da kuɗin adashinta, tsaye cikin caɓi, ba ya iya taka ƙafa biyu. Mun wanke, mun yanke ƙofato, ya warke, amma naman da ya zube bai dawo ba kafin salla. Da an matsa turken taki goma sama, da ba a kira ni ba.

Garke shi zauna tsakiyar gangare. A cika dabensa da jar ƙasa ko tsakuwa, shi hi tsakar gida tsawo da taƙi guda, a karkata shi kaɗan don fitsari shi gangara. Ta gehen sama a yi ɗan kunya mai kauda ruwa. Dutse shina da wuya wajenmu, buhunan rairayi sun isa, in da wuri a dasa gamba. Rumfa ta ba gabas baya, tunda hadari daga can ya saba tasowa, iskar hunturu ma ta wannan gehe take bugowa. Ƙasan garke sai ramin taki, shi ma a yi masa baki mai tudu, kada ruwa shi kwashe takin da za ka kai gona.

Sauran maƙwabcin da ke ƙasanka. Kafin ka huda katanga, ku zauna ku shirya inda kwata za ta bi ta hita titi, in ya yiwu gaban mai unguwa. Ruwan garkenka in ya shiga rijiyarsa, ɗiyansa za su sha.

Wanda ke da hili bai soma gini ba, shi same mu a biro, mu je mu duba tare da magininsa. Yanzu mai tambaya, bismilla. Baba na can baya, na ga hannunka tun ɗazu.